Wane digiri na biyu ne ke kai ma'aikaci kujerar shugabanci?

Idan ma'aikaci ya yi shekara goma ko sha biyar a bakin aiki, akan kai wata gaɓa da ƙwarewar hannunsa ke daina ɗaga shi. Injiniya ne da ya san injinansa ciki da bai, ko akanta da ba a taɓa kama shi da kuskuren lissafi ba, ko ma'aikaciyar jinya da kowa ke nema idan abu ya rikice. Amma kujerar da ke gabansu ta jagorancin mutane ce, da rabon kuɗi, da sa hannu a kan aikin da wasu suka yi. A nan ne za ka ji mutum ya ce, "Bari in koma in yi mastas." Niyya ce mai kyau. Matsalar ita ce da yawa sukan sayi fom ɗin kwas ɗin da abokinsu ya yi, ba tare da sun tambayi kansu kujerar da suke hari ba.

Digiri na biyu a jami'o'in Nijeriya iri biyu ne. Akwai na zurfafa ilimi, irin su MSc da MA, wanda ƙashin bayansa bincike ne: ka rubuta kundi, ka kare shi a gaban malamai, har da wanda aka gayyato daga wata jami'a. Shi ne hanyar digirin digirgir. Akwai kuma na sana'a, irin su MBA na harkar kasuwanci da MPA na gudanar da mulki, waɗanda aka tsara domin masu aiki. Jami'o'i da yawa ba sa ɗaukar mai MBA kaɗai kai tsaye zuwa digirin digirgir, sai ya koma ya yi MSc ko MPhil. Don haka wanda ke burin koyarwa a jami'a nan gaba ya san wannan tun yanzu. Shi kuma mai neman zama manaja ya sani cewa kundin bincike na cin lokaci, kuma karatun shekara biyu kan koma uku ko huɗu idan malamin da ke duba aikin ya yi wuyar gani, ko aka shiga yajin aiki irin na 2022 da ya rufe jami'o'in gwamnati wata takwas.

MBA, wanda Jami'ar Harvard ta Amurka ta fara bayarwa a 1908, amfaninsa na gaskiya shi ne cike giɓin wanda ya ƙware a fanni ɗaya. A ɗauki injiniyan nan. Ranar da aka ba shi masana'anta, za a ajiye masa takardun kuɗi da ke nuna kamfani ya ci riba, amma ga ƙarshen wata ya zo babu kuɗin albashi. Ina ribar ta shiga? An fitar da kaya bashi ga diloli, an rubuta ciniki a littafi, kuɗin kuwa ba su shigo ba, ga kuma kayan da aka jibge a sito sun riƙe jari. Wanda bai iya karanta wannan ba zai yi ta sa hannu cikin duhu, akanta na juya shi yadda ya so. Irin wannan, da tsara farashi, da sasanta ma'aikata, da dokar kwangila, su ake zuwa koyo. Ana samun kwas ɗin a Makarantar Kasuwanci ta Dangote da ke Jami'ar Bayero, da Jami'ar Ahmadu Bello wadda ke da tsarin karatu daga nesa, da Makarantar Kasuwanci ta Legas da aka kafa a 1991. A ganina rabin darajarsa na wajen waɗanda kuka zauna aji tare: ma'aikacin banki, da ɗan kasuwa, da jami'in haraji, kowa na kawo matsalar ofishinsa ana warwarewa. Inda aka mayar da shi haddar takardun malami da jarrabawa kawai, kwali za ka fito da shi, ba ilimi ba.

Ma'aikacin gwamnati lissafinsa daban ne, kuma a nan aka fi yin asara. A aikin gwamnatin tarayya, ƙarin girma na tafiya ne da shekaru da jarrabawa da samuwar gurbi: aƙalla shekara uku a kowane mataki daga na 7 zuwa na 14, shekara huɗu daga na 15 zuwa sama. Mastas ba ya tsallakar da mutum daga mataki na 12 zuwa kujerar mataimakin darakta. Abin da zai taimake shi shi ne sanin dokokin aiki da ƙa'idojin kuɗi da yadda ake tsara kasafi, kuma MPA, irin wanda aka daɗe ana yi a harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, ko MPPA na Jami'ar Bayero, ya fi kusa da wannan fiye da MBA. Akwai kuma kwasa-kwasan ASCON, kwalejin horar da ma'aikatan gwamnati da ke Badagry. Cibiyar nazarin manufofi da dabaru ta NIPSS da ke Kuru kuwa ba fom ake saya ba, tura mutum ake yi idan ya girma a aiki. Abu ɗaya da nake jaddadawa: a nemi izinin karatu a rubuce kafin a fara, domin takardar da aka samo a ɓoye tana iya kwana a fayil ba ta tsinana komai ba.

Wani ma ba mastas yake buƙata ba. Ga akanta, shaidar ICAN ko ANAN sau da yawa ta fi nauyi, haka CIPM ga jami'in kula da ma'aikata. Ma'aikacin lafiya da ke son jagorantar shiri ya duba MPH na lafiyar al'umma, malamin makaranta kuma ya duba digiri na biyu kan tsarawa da gudanar da ilimi. Mai HND galibi sai ya bi ta difloma ta PGD, kuma za a nemi takardar bautar ƙasa ko ta yafewa. A kuma tabbatar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta amince da makarantar. Ba a manta da abin da ya biyo bayan fallasar digirin bogi na Kwatano ba, lokacin da gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance takardun jami'o'in ƙasashen Benin da Togo a farkon 2024.

Sai batun tsada, wadda ba ta tsaya ga kuɗin makaranta ba. Ajin ƙarshen mako na nufin Asabar ɗinka ta tafi har shekara biyu, da ɗaurin aure da zumunci da hutun gida. Ga mace mai aiki da yara nauyin ya ninka, kuma ya kamata maigida da dangi su shiga cikin shawarar tun farko.

Saboda haka, ɗan'uwa ko 'yar'uwa mai wannan niyya, kafin ka biya kuɗin fom, je sashen kula da ma'aikata ka nemi sharuɗɗan kujerar da kake so a rubuce, ka duba abin da masu riƙe da ita yanzu suka karanta, sannan ka nemi wanda ya gama kwas ɗin ka tambaye shi shekara nawa ya ci masa, da abin da ya canja a aikinsa.