Cibiyar Nauyi: Abin Da Ke Kifar Da Tirela Da Kwalekwale

Duk lokacin da tirela ta kife a kwana, ko kwalekwale ya nutse da jama'a, bayanin da aka fi ji shi ne an yi lodi fiye da ƙima. Wannan gaskiya ne, sai dai akwai sauran magana, domin inda aka ɗora kaya yana da muhimmanci kamar yawansu.

Masana kimiyya sun bambanta yawan abin da jiki ya ƙunsa da nauyinsa. Buhun masara mai kilo 100, in aka kai shi duniyar wata, ko ƙwaya ɗaya ba za ta ragu ba, amma nauyinsa zai koma kusan kashi ɗaya cikin shida, saboda nauyi shi ne jan da ƙasa ke yi wa abu. Wannan ja yana aiki tamkar ya taru a wuri guda, wanda ake kira cibiyar nauyi. Muddin layin da ya sauko tsaye daga cibiyar ya faɗa tsakanin tayoyi, mota tana nan daram. Da zarar ya fita, sai kifewa. Idan aka tula buhuna har sama, mutane kuma suka hau kai, cibiyar ta ɗaga ke nan, ɗan karkata kaɗan ya isa. Jirgin ruwa ma, gwargwadon ɗagawar cibiyarsa, gwargwadon wahalar miƙewarsa in ya karkata.

Mutanen Suwidin sun ga haka a 1628. Sarkinsu Gustavus Adolphus ya sa an ƙera jirgin yaƙi mai suna Vasa, mai manyan bindigogi 64, wanda samansa ya yi nauyi ainun. Kafin tafiya an gwada shi, mutum 30 suka riƙa gudu daga wannan gefe zuwa wancan, aka dakatar da su don tsoron kada ya kife. Duk da haka aka sake shi. Ranar 10 ga Agusta, bai yi tafiyar kilomita biyu ba iska ta karkata shi, ruwa ya shiga ta tagogin bindigogi, ya nutse da kimanin mutum 30. Sai a 1961 aka tsamo shi.

Mu ma ba mu manta da kifewar kwalekwale a Bagwai ta Jihar Kano a 2021 ba, wadda ta ci rayukan ɗaliban Islamiyya, ko ta Pategi a Jihar Kwara a 2023, inda fiye da mutum 100 suka rasu.

Saboda haka, ya kamata Hukumar Kiyaye Haɗura da hukumar NIWA su duba tsayin lodi da tsarinsa, bayan nauyinsa. Shugabannin tasha kuma su koya wa 'yan lodi cewa kaya masu nauyi a ƙasa suke zama, a tsakiya, a ɗaure tamau. Fasinja ya zauna a kwalekwale, kada kowa ya ruga gefe guda. Masu Vasa sun ga alama suka kau da kai. Allah Ya kiyaye mu da irin wannan ganganci.