Hazaƙar Yaran Talakawa: Wa Ake Ɗagawa, Wa Ake Bari?

A 2020 wani gajeren bidiyo ya karaɗe duniya: Anthony Madu, ɗan shekara 11 a Legas, yana rawar bale ba takalmi, ruwan sama na dukansa. Daga baya ya samu gurbin karatu a makarantar Elmhurst da ke Birmingham a Ingila. Kafin shi an yi William Kamkwamba na Malawi, wanda yunwar 2001 zuwa 2002 ta raba shi da makaranta, ya haɗa injin samar da lantarki da iska daga tarkacen keke da fankar tarakta. Labarinsa ya zama littafi a 2009, ya zama fim a 2019. A nan gida ma ba a rasa bidiyon yaron da ya ƙera mota ko jirgi da kwali da gwangwani, jama'a na ta sa masa albarka.

Me ya kawo wannan yayi? Na farko wayar hannu, wadda ta sa kowa ya zama mai ɗaukar hoto. Na biyu, mutane sun gaji da hoton yaro mai ƙuda a fuska da ƙungiyoyin agaji suka daɗe suna neman kuɗi da shi. Amma dalilin da ya fi nauyi daga masu bincike ya fito.

A 1985 wasu masana a birnin Recife na Brazil sun gwada yara masu talla a titi. Da suka zo musu a matsayin masu saye, yaran sun ci kusan kashi 98 cikin ɗari na lissafin. Da aka rubuta musu lissafin nan ɗin a takarda, lambobi zalla, sai suka koma wajen kashi 37. Bayan shekara 40, wani bincike da Abhijit Banerjee da Esther Duflo da abokan aikinsu suka wallafa a 2025 ya samu irin haka a kasuwannin Kolkata da Delhi. Ya kuma gano kishiyarsa: 'yan makarantar da suka iya lissafin allo sun kasa na kasuwa. Duk wanda ya taɓa sayen gyaɗa a tasha ya ga yarinya ta ba da canji kafin ya gama laluben aljihu, ba zai yi mamaki ba. Ita ɗin ce kuma ake kira daƙiƙiya a aji, idan ma ta samu shiga.

Amfanin yayin a fili yake. Wasu yara sun samu karatu, kuma malami ko uban da ya ga irin waɗannan labarai yakan daina ɗaukar ɗan talaka a matsayin fanko.

Illarsa ce ba a cika faɗa ba. Bidiyo yaro ɗaya yake ɗagawa, shi ma sai wanda abinsa ke da kyan kallo. Iya lissafi da ka ba ya jan 'yan kallo. Ɗan siyasa ya gayyaci yaron, a ɗau hoto, a yi alkawari, a watse. Mafi muni, wasu kan mai da labarin hujja, wai ai wahala ce ke kaifafa basira, kamar talla gata ce. Alhali Kamkwamba a wani ɗan ƙaramin ɗakin karatu na ƙauye ya tarar da littafin da ya nuna masa hoton injin, Madu kuwa yana da malamin da ke koyar da yaran unguwa rawa kyauta. Talauci ya ba su tarkace da naci, amma wani ne ya buɗe ƙofa.

A Najeriya, inda UNICEF ta taɓa ƙiyasta yara miliyan 10.5 ba sa zuwa makaranta, galibinsu a Arewa, irin waɗannan ƙofofi ne suka yi ƙaranci, kuma kuɗin da ke bin bidiyo ba kasafai yake isa gare su ba.