Sana'ar Ƙulla Waƙa: Daga Kurkutu Zuwa Situdiyo

Wanda ya tashi a Daura yana son koyon haɗa waƙa, makarantarsa ta farko ƙofar fada ce. Ranar hawan Sallar Gani, a watan Rabi'ul Awwal, ya samu gefe ya kasa kunne. Tambari na tafe da nauyinsa, kakaki ya tsaga sama ya yi shiru, algaita ta ratsa tsakani, maroƙa na zuba kirari. Kowannensu ya san inda zai shigo da inda zai ja baya. Abin da yaran situdiyo ke kira tsara kiɗa ke nan, kuma ana yin sa tun ba a san lantarki ba.

A gidan makaɗa ba a fara wa yaro da waƙa. Kaya yake ɗauka, ya shimfiɗa tabarma. In an ga hankalinsa ya zauna sai a miƙa masa kurkutu, ɗan ƙaramin abin kiɗan da ke raka kalangu, ya yi ta maimaita bugu ɗaya har hannunsa ya daina gaggawa. Daga nan ya shiga sahun 'yan amshi. Nan ne ainihin karatun, domin mai amshi kullum bakinsa na kan gindin waƙa, kunnensa na kan jagora: yadda yake sako ɗiyan waƙa, inda yake numfasawa, yadda yake cusa sunan mutum da na kakansa ba tare da kiɗan ya karye ba. Shekaru ake yi a haka.

Akwai dalili. Hausa harshe ne mai karin sauti. Kukan yaro da kukar miya ba abin da ya raba su sai hawa da saukar murya. Shi ya sa kalangu ke magana. Makaɗi ya matse tsarkiya a hammata sauti ya hau, ya saki ya sauka. Mai ƙulla waƙa, ke nan, ba shi da 'yancin ɗora kalma a kan kowane kari ya ga dama. Kalmar ce ke zuwa da karinta, shi kuwa ya bi ta.

Ba wanda ya nuna haka kamar Alhaji Mamman Shata, ɗan Musawa, wanda kan ƙulla waƙa nan take a gaban jama'a, makaɗan kalangunsa na biye da shi. Ya yi wa Sarkin Daura Muhammadu Bashar waƙa, kuma da ya rasu a 1999 a Daura aka binne shi. Mai koyo ya zauna da waƙarsa guda, ya ƙirga sau nawa amshi ya dawo, ya lura da ƙarancin kayan kiɗan. Zai sha mamaki.

Yau hanya ta gajarta, kuma ina murna da haka. Yaron da ubansa bai taɓa riƙe kalangu ba yana iya zama gaban fiyanon Yamaha da kwamfuta mai FL Studio ya koyi aikin. Mawaƙi ya shigo yana rera amshi, mai kiɗa ya lalubo saurin bugun, ya kafa ganga, ya ɗora sarewa, sannan a ɗauki murya. Bukukuwan aure da lokacin siyasa su ke kawo ciniki.

Abin da ke damuna shi ne cunkoso. Sabon hannu, da ya ga sautuka ɗari a gabansa, sai ya zuba su duka har muryar ta nutse. Wani kuma ya aro karin waƙar Indiya ya danna kalmomin Hausa a ciki, su fito a karkace, tsohuwa a tsakar gida ta ji ta ce me yake faɗa? Masu kiɗan da suka ƙware sukan sa yaro ya kashe komai, ya bar ganga da murya kaɗai, ya sake saurare daga farko.