Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa fiye da shekaru 2,300 da suka wuce aka fara tattara dabarun yaudara a muhawara? Aristotle, masanin falsafa na Girka wanda ya rasu a shekarar 322 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya lissafa iri 13 a wani littafinsa. Shida sun rataya ne a kan harshe, kamar kalma mai ma'ana biyu, sauran bakwai kuwa a kan karkataccen tunani.

Ga uku daga ciki da har yau ake ji a bakin 'yan siyasa da masu talla:

Tambaya mai tarko. "Ka daina cin amanar jama'a?" Ko ka ce e, ko ka ce a'a, ka amsa laifi.

Kafa hujja da abin da ake gardama a kansa. "Maganin nan na da inganci, domin mai shi ba ya sayar da jabu." To, ai ingancin ne ake tambaya.

Yi wa jama'a kuɗin goro. Direba ɗaya ya cuce ka, sai ka ce duk direbobi macuta ne.

An fassara littafin zuwa Larabci a zamanin Abbasiyawa, Ibn Rushd kuma ya yi masa sharhi. Shi ma Shehu Almaghili, wanda ya zo Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kare ilimin manɗiƙi, wato ilimin tsara hujja, lokacin da Imam Suyuɗi ya hana karatunsa.