Labule Shi Ne Zauren Ɗan Haya

Wata gwaggota ta shekara ashirin a ɗaki ɗaya a Diobu, cikin Fatakwal, kuma duk tsawon shekarun nan tsohon zani ne a tagarta, an soke shi da ƙusa biyu. In ka tanka sai ta ce, "Ɗan nan, ai ba zama muka zo yi ba." A ɗakin ta haifi 'ya'ya huɗu. Zanin kuwa sai da ya koɗe har ba a gane zanen jikinsa.

Wannan "ba zama muka zo yi ba" ta fi talauci hana ɗakunan 'yan Arewa a Kudu kyan gani. Alhali zaman ya daɗe. A 1909 aka gano kwal a yankin Inugu, aka kafa Fatakwal a 1912 don fitar da shi, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916, fatakenmu kuma ba su daina sauka da shanu da albasa da wake ba. Malam Umaru Altine, Bafulatanin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi, har magajin garin Inugu ya zama a shekarun 1950. Na san dattawa suna da dalilinsu na ƙin tara kaya. Wanda ya ga rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya, ba sai an koya masa ajiye jaka kusa da ƙofa ba. To amma labule ai a jaka yake shiga. Ba fenti ba ne da za ka bar wa mai gida ranar tashi.

A Kano ko Zariya gini ne ke suturta mutum: zaure, shigifa, katanga, taga 'yar mitsitsiya can sama, ga asabari a ƙofar ɗaki. A gidan haya na Fegge a Anacha ko Asata a Inugu babu ko ɗaya. Dogon lungu ne, ɗakuna na kallon juna, taga faffaɗa mai gilashin luba tana kallon titi ko tagar maƙwabci. Aikin da zaure yake yi a gida, ƙyalle ne zai yi shi a nan. Saboda haka kafin a yi zancen launi, uwargida, ki yi wannan gwajin: bayan magariba kunna fitilar ɗaki, ki fita waje ki dubi tagarki. Labulen leshi da rana mutunci gare shi, da dare kuwa duk wanda ya gitta ya san abin da kuka ci.

Wani kuskuren kuma daga gida ake ɗauko shi. Amarya ta taho daga Kantin Kwari da labulen karan-miski mai nauyi, irin wanda ke tare ƙurar hunturu. Ruwan da Kano ke samu a shekara yawanci bai kai milimita 1,000 ba, kuma cikin 'yan watanni yake sauka ya ɗauke. Na Fatakwal ya ninka haka har da ɗoriya, da wuya wata ya fita babu ruwa. Yadi mai kauri sai ya sha damshi ya ƙi bushewa, fumfuna ta kama shi ta baya inda ido ba ya kaiwa, ɗaki ya ɗauki wani warin da turaren wuta ba ya kashewa. In akwai mai asma a ɗakin, shi zai fara gaya miki. Ga kuma baƙin hayaƙin da ya addabi Fatakwal tun ƙarshen 2016, wanda aka fi ɗora alhakinsa a kan masu tace ɗanyen mai ta haramtacciyar hanya a cikin fadamu. Wanda ya rataya farin labule a shekarun nan ya ga yadda yake komawa tsumman goge tukunya. Ni dai a ganina, labulen da mace ɗaya ba za ta iya sauke shi ta wanke a baho ya bushe kafin hadari ya haɗo ba, ba na Kudu ba ne, ko nawa aka saye shi.

Atamfa ta cika wannan sharaɗin, kuma kowace mace tana da ta anko da ta sa sau biyu ta jefa ƙasan akwati. Turmi yadi shida ne. Ki auna faɗin taga, ki nemi yadin da ya kai faɗin sau ɗaya da rabi, in da hali sau biyu, don ya yi tattara; labulen da aka ja shi tsam kamar fatar ganga ba ya kyau. Yadi biyu da rabi sau biyu ya ishi tagar ɗakin haya, ragowar yadi ɗaya a yi maɗauri da rigar filo. In sabuwa ce a fara wanke ta, don takan ɗan tsuke. A yi mata shafi da alawayyo ta ɓangaren titi: shi zai sha rana maimakon atamfar, shi zai hana inuwa fita da dare. Sandar labule ta kanti ba dole ba ce. Siririn bututun robar nan da masu aikin lantarki ke zura waya a ciki ya wadatar, ba ya tsatsa, wuƙa ma tana yanka shi. A ninke bakin yadin na sama a ɗinke, a zura bututun, a ɗaure shi jikin ƙarfen taga, ba ruwanki da rigimar mai gida kan huda bango. Ƙasan labulen kuma ya bar daɓe da kamar taƙi ɗaya. Mutanen da ke kusa da bakin kogin Kwara a Anacha, waɗanda suka ga ambaliyar 2012 da ta 2022, sun san dalili.

In babu atamfa, a leƙa gwanjo. Abin da 'yan Kudu ke kira okirika daga Okrika ya samo suna, garin da ke gefen Fatakwal. A kasuwar Mile One ko ta Ogbete ko babbar kasuwar Anacha ana samun zannuwan gado na auduga, guda ɗaya ya isa taga. A ɗaga shi a hasken rana kafin a biya.

Sai zancen fulawa. Zoben fulawar da ake gani a hotunan gidajen Turawa, mai kama da gammo, yana da ma'anarsa a inda kike zaune. Maƙwabtanki sun san shi a wuri biyu: ƙofar gida lokacin Kirsimeti, da kan akwatin gawa. Ki rataya irinsa sak a ƙofarki, wata maƙwabciya ta ƙwanƙwasa da safe tana tambayar wa ya rasu. Ba ma buƙatar aro. Kakanninmu sun daɗe suna ƙawata bango da da'ira: faifai mai launi, da kwanonin jere da ake shirya wa amarya. Tsohon faifan da ya daina rufe ƙwarya shi ne ginshiƙin da ya fi dacewa.

Ki roƙi tela ƙyallayen da zai zubar. Ɗora bakin kofin shayi a kai, ki yanka da'ira biyar. Ninke kowace gida biyu, ki bi bakinta mai lanƙwasa da ɗinkin tsallake, kina jera su duka a zare ɗaya. Da kin ja zaren za su tattare su zama fure mai kunne biyar, sai ki toshe tsakiyar da maɓallin tsohuwar riga. Furanni bakwai ko tara sun isa. Kada ki zagaye faifan duka. Tara su gefe ɗaya kamar jinjirin wata, ki bar saƙar kabar ta fito, don ita ce adon. Allura da zare sun fi gam, wanda zafi da damshi ke sa shi saki.

Busassun furanni da zangarniyar gero suna da kyau, amma a Kudu sai tsakanin Disamba da Janairu. Ruwa na dawowa za su yi baƙi. Ɗanyen fure a kwalba kuma a riƙa sauya masa ruwa kullum, in ba haka ba sauro kike kiwo. Fulawar roba ta Sin da ta cika kasuwar Anacha ba laifi, in dai za ta riƙa shiga ruwan omo lokaci-lokaci. Kyandir da risho da maganin sauro na naɗi, a nisanta su da duk abin da ke reto, musamman yadin roba, wanda narkewa yake yi ya manne wa fata.

Gwaggo dai autarta ce ta gaji, ta farke atamfar ankon bikin wata ƙawarta ta ɗinka labule ba da saninta ba. Ta yi faɗan ɓarnar yadi kwana biyu. Da suka tashi komawa Funtuwa shi ta fara ninkewa. Tagar can ta yi masa ƙanƙanta, yanzu a ƙofar ɗakinta yake.