Zahin rana da ganyen turare

Yau za mu yi magana bisa iccen turare, wanda kuke gani cikin gandun itatuwan da ke kewaye da Yamai, da gehen garake. Asalinsa daga ƙasar Ostiraliya yake.

Icce ba ya cin tuwo, amma yana da madahi. Ganyensa shi ne madahinsa. Saiwa tana jawo ruwa daga ƙasa. Ganye yana shaƙar iska ta wasu ƴan ƙohohi ƙanana da ido ba ya gani. Hasken rana yana haɗa ruwan da iskar, su zama sukari. Da wannan sukari icce ke girma.

To, wannan dahuwa tana son zahi daidai wa daida. Da sanyin hunturu aikin yana tahiya sannu sannu. Wajen digiri 25 zuwa 30 ganye ya hi yin aiki sosai. In zahi ya wuce haka, aikin sai ya riƙa raguwa. Ku tuna bazara a Tawa ko Damagaram: watan Afrilu da Mayu zahi yakan wuce digiri 40. In ƙasa ta bushe, ganye yana ruhe ƙohohinsa don kada ruwa ya tsere. Ƙoha a ruhe, iska ba ta shiga, dahuwa ta tsaya. Ga shi kuma cikin zahi icce ya hi saurin ƙone abincin da ya tara.

Turare yana da dabara. Ku duba ganyensa, rataye yake yana kallon ƙasa, don haka ranar tsaka ba ta dukansa gaba ɗaya. A shekarar 2018 masana a Ostiraliya sun bayyana gwajin da suka yi ma wani irin turare da zahin digiri 43 har kwana 4. Da rana tsaka dahuwa ta kusa tsayawa cik, amma ganye ya ci gaba da hidda ruwa yana sanyaya kansa, kamar yadda randa ke yi. Itatuwan ba su mutu ba.

Wannan dabara sai da ruwa. Babban icce yana da doguwar saiwa, amma ɗan dashe ba ya da ita. Saboda haka ku dasa turare da damina, in ruwa ya zauna. Da bazara ku ba ƙanana ruwa da sassahe, ku shimhiɗa kara ko ciyawa gindinsu. Kada ku dasa shi dab da gonar hatsi, don shan ruwansa yana da yawa.