Me Ya Sa Tafasa Ta Mamaye Gindin Badala?

Idan ka bi gindin badala da damina, ta wajen Ƙofar Na'isa ko Goron Dutse, duba abin da ya tsiro: galibi tafasa ce, da tumfafiya, da ƙarangiya. Gamba, wadda ake saƙa zana da ita, da wuya ka gan ta. Amsar tana bakin tumaki da awaki.

A da, ba gidaje ne suka cika ganuwar Kano ba. Lokacin da Bajamushe Heinrich Barth ya zo a 1851, ya tarar babban ɓangaren cikin ganuwa fili ne da gonaki. Yanzu gine-gine sun cinye filin, sai ɗan abin da ya rage dabbobi ke yi wa rubdugu.

Ka san dabba ba ta cin duk abin da ta gani, zaɓe take yi. Ciyawa kuwa daga gindi take tofowa, shi ya sa in an ɗan kiwace ta ba ta mutuwa. Amma gamba mai shekara da shekaru ce, tana buƙatar hutu don ta tara abinci a saiwarta. In aka yi ta cinye tohonta kullum, sai saiwar ta raunana, ta mutu. Daga nan sai masu rayuwar damina ɗaya, irin su kyasuwa da burburwa, su karɓi wurin. In kiwo ya ƙara tsananta, su ma a cinye su kafin su zubar da iri.

To wa ya rage? Waɗanda dabba ke ƙyama. Ɗanyen ganyen tafasa bai dame ta ba, tumfafiya na da farin ruwa mai guba, ƙarangiya kuma in ta nuna sai ƙaya, ga ta da maƙalewa a gashin dabba ta yaɗu. Fari, irin na 1973 da 1984, yana hanzarta wannan sauyi.

Asarar ba ta abincin dabba kaɗai ba ce. Saiwar ciyawa ce ke riƙe ƙasa. In ta tafi, kofato ya daddale wurin, ruwan sama ba ya nutsewa, sai ya kwarara yana zaizayar ƙasa, har da ta badalar.

Maganin ba korar dabbobi ba ne, don kashinsu taki ne. Hutu ake buƙata: a ɗaga wa fili ƙafa daga farkon damina har ciyawa ta zubar da iri.